Wakilci Aron Hannu Ne, Ba Kyautar Gona Ba

Wannan jawabi wani tsohon magatakardan kotu ne ya yi shi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙasar Haɗeja, maza da mata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, domin malamai su karanta wa ɗalibansu a aji.

 Iyayena bulamai da masu unguwanni, malaman azuzuwa, 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa. Na san wasunku sun baro shinkafa a fadama jan-baki na neman ta, wasu sun baro koma a ruwa, saboda haka zan yi ƙoƙari kada rana ta yi mana.

An ce in yi magana a kan wakilci, watau mutum ya ba wani iko ya yi wani abu a madadinsa. Bari in fara da abin da kowa ya sani. Wa bai taɓa zuwa ɗaurin aure ba? Ango yana can bayan taro, baffansa ne ke zaune gaban liman. Baffan ya ce yana nema wa ɗansa wane auren wance, waliyyin yarinya ya ce ya bayar, baffan ya ce ya karɓa masa, a shafa fatiha. To, matar wa ta zama? Ta baffa? Na ga kuna dariya. Bakin baffa ne ya yi magana, amma auren na ango ne, ci da sha da sutura duk a wuyansa suke. In kuwa an aiki baffa neman yaya ya je ya karɓo ƙanwa, auren bai hau kan ango ba sai in ya ji ya yarda.

Duk maganar da zan yi yau tana cikin wannan misali. Wakili hannunka ne da bakinka a inda ba ka nan. Abin da ya yi a cikin iyakar da ka sa masa, kai ka yi. Abin da ya yi bayan iyakar, shi ya yi. Kuma abin da ka wakilta shi a kai bai zama nasa ba.

Wakilci ba baƙon abu ba ne a shari'ar Musulunci. Malamai suna kafa hujja da labarin Ashabul Kahfi, da suka farka suka ba ɗayansu azurfa ya je gari ya sayo musu abinci. Suna kuma kawo labarin sahabi Urwatu, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya komo da akuya da dinarin, bai ɓoye ribar ba. Littattafan da alƙalanmu ke aiki da su, Muhtasar na Shehu Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, kowanne yana da babi a kan wakala. Su kuma lauyoyi, idan aka rubuta ikon a takarda aka sa hannu gaban shaidu, suna kiranta fawa of atoni da Ingilishi. Ku riƙe sunan, domin wata rana za a miƙo muku takarda da shi a samanta.

Me ya sa maganar ta shafe mu fiye da mutanen wasu wurare? Domin mu mutanen tafiya ne, dukiyarmu kuwa ba ta tafiya. Da an gama girbi samari sun tafi ci-rani Kano da Ikko da Fatakwal. Mai busasshen kifi ba ya bin kowane kwando zuwa Kudu, dillali yake ba. Mai sa ya ba ɗan'uwansa ya kai masa Maigatari ran Alhamis. Mace ta gaji fadama a Guri, aure ya kai ta Birniwa. Shekarar da ruwa ya ci gari, kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma, mutum ya kwashe iyali ya yi tudu, ya bar gona a hannun wanda ya zauna. Ga kuma fadamar kanta ta yi daraja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin nan ta sake, kacalla ta toshe hanyoyinsa, inda ake noma da ya zama kwata, inda ba a kula da shi ya zama abin so. Injin ban ruwa ya shigo, ana noman rani ana samun kuɗi. Gonar da kakanka zai ba baƙo aro da baki kawai, yau ita ce ake kai juna kotu a kanta.

Zan ba ku labarin wata shari'a da na rubuta da hannuna. Ba zan faɗi suna ko gari ba, domin mutanen suna da zuriya. Wani magidanci ya tafi Fatakwal neman kuɗi, ya ce wa ƙaninsa, “Ka kula mini da fadamar nan.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da ya zo hutun salla sai ƙanin ya kawo masa takarda da Ingilishi, ya ce, “Yaya, ta rabon taki ce, an ce sai mai gona ya dangwala.” Ya dangwala ya koma. Ashe takardar wakilci ce, an rubuta a ciki cewa ya ba ƙaninsa ikon ba da haya da jingina da sayarwa da karɓar kuɗi. Ƙanin ya fara jinginar da gonar, da bashi ya ci masa wuya ya sayar. Mai gona bai sani ba sai da ya dawo ya tarar da tattasan wani a ciki.

Abin da ya cece shi abu biyu ne. Babu sunan wanda ya rubuta takardar a jikinta, babu kuma inda aka ce an karanta masa da Hausa. Sa'an nan shaidun da aka sa, da alƙali ya matsa su, suka ce su a shago aka kai musu suka sa hannu, ba su ga lokacin da ya dangwala ba. Ya sami gonarsa bayan damina uku. Wanda ya saya, bawan Allah, kuɗinsa suka maƙale, domin ƙanin ya riga ya cinye. Har na bar aiki wa da ƙanin ba sa gaisawa. Da ka tambaye ni, laifin bai tsaya kan ƙanin kaɗai ba. Mai saye bai je wurin bulama ya tambaya ba, bai kuma nemi jin bakin mai gona ba, ya ga araha ya rufe ido.

Ku duba kalmar nan ta “kula mini”. Ita ce uwar rigima. Kula da me? Ya noma? Ya ba da aro? Ya yi noma-mu-raba da wani? Ya jinginar in an matsu? Malaman Malikiyya sun ce in mutum ya ce “na wakilta ka” ya yi shiru, bai ba da ikon komai ba, sai ya faɗi abin da ya wakilta a kai, ko kuwa ya faɗa a fili cewa ya sakar masa dukan al'amuransa. Daga nan aka sami iri biyu. Akwai wakilci keɓaɓɓe: ka sayar mini da buhun riɗi goma, ka karɓo mini bashina wurin wane, ka ba da hayar fadamata rani ɗaya. Da aikin ya ƙare wakilcin ya ƙare. Akwai kuma wakilci sakakke, wanda ka ce duk abin da zan iya yi a dukiyata ka yi. Ko shi wannan malamai sun yi masa shinge. Sun ce abin da yake maslaha ne ga mai dukiya kaɗai ke wucewa, kuma wakili sakakke ba ya sakin matarka, ba ya aurar da 'yarka budurwa, ba ya sayar da gidan da kake zaune ciki, sai ka ambata su da suna. Amma ku lura, gona ba ta cikin waɗannan da aka keɓe. Shawarata ita ce manomi ba shi da bukatar wakilci sakakke. Na daɗe a kotu, ban ga wanda ya yi nadamar taƙaita ikon wakilinsa ba.

Yanzu sai maganar takarda. Aiken kasuwa ba ya bukatar rubutu. Amma duk abin da ya shafi gona ko gida ko fili ko kuɗi a banki, a rubuta. A sa sunanka da na mahaifinka da garinku, a sa na wakili haka nan. A faɗi gonar da iyakokinta huɗu, gabas gonar wa, yamma ta wa, domin a fadama ruwa yana share kunya da alama, amma maƙwabta suna nan. A faɗi abin da zai yi, a kuma faɗi abin da ba zai yi ba. A sa ranar farawa da ranar ƙarewa. Shaidu biyu adilai su ga sa hannunka da idonsu. A yi kwafi uku, ɗaya wurinka, ɗaya wurin wakili, ɗaya wurin bulama.

Akwai doka tun zamanin Turawa, wadda ta shiga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963, da aka yi domin kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, dole ya sa sunansa da adireshinsa a jiki. Sa sunan nan shaida ce cewa shi aka sa ya rubuta, abin da aka faɗa masa ya rubuta, kuma an karanta wa mai takarda an yi masa bayani kafin ya dangwala. Dokar rajistar takardun filaye kuma ta ƙara da cewa in mai bayarwa bai iya karatu ba, sai ya dangwala a gaban majistare ko mai irin ikonsa kafin a karɓi takardar a yi mata rajista. Saboda haka in aka kawo maka takardar gona a zaure da dare aka ce dangwala, ka ce mu bari gari ya waye mu je kotu. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Ga wani abu da ya shafe ku ku ɗalibai, ban kuma so ku ji tsoro. Yanzu kun iya rubuta sunayenku. Kotu kuwa tana ɗaukar baligi mai hankali da ya sa hannu a takarda ya san abin da ke ciki. Wanda ya dangwala yana iya cewa ba a karanta mini ba. Wanda ya rattaba sunansa da kyakkyawan rubutu, uzurinsa ya ragu. To, kada daɗin iya sa hannu ya ɗebe ku. In da Hausa aka rubuta, ku zauna ku karanta da kanku ko da harafi harafi ne, ko mai takardar zai yi ta duban agogo. In da Ingilishi ne, ku kai wa malamin ajinku ko wani da ba ruwansa da cinikin ya fassara. Wanda ya kawo takarda ba shi ne zai fassara ta ba.

In juyo ga masu saye, musamman masu sayen fuloti a cikin garin Haɗeja da Malam Madori. Akwai wata al'ada da ta zo mana daga manyan birane. Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasar jiha tana hannun gwamna amana. Mai takardar mallaka ta gwamna ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna, mai ta ƙaramar hukuma kuwa sai da yardar ƙaramar hukuma. Neman yardar yana cin lokaci da kuɗi, sai wasu su ce a bar shi, a rubuta wa mai saye takardar wakilci kawai ya riƙe. Wannan ganganci ne. A 1993, a shari'ar Ude da Nwara a kan wani gida a Fatakwal, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bayyana cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu, izini ce kawai na yin aiki da sunan wani. A 2001 kuma, a shari'ar Chime da Chime a kan wani gida a Inugu, kotun ta ce mai abu yana da ikon sayar da abinsa da kansa ko da ya naɗa wakili, muddin wakilin bai riga ya sayar ba. Ka biya kuɗin fili cif, an ba ka takardar da ta ce kai ɗan aike ne. In za ka saya, a yi takardar ciniki, a nemi yarda, a yi rajista a ma'aikatar filaye a Dutse.

Akwai kuma irin wadda ake rubuta cewa ba a iya soke ta. Yawanci masu ba da bashi ke neman ta, domin in ka kasa biya su sayar. In ka karɓi kuɗi a kanta, doka tana iya hana ka janyewa har sai ka biya. Kada ka sa hannu a irin wannan sai lauya ya duba maka. Wanda ba shi da hali, akwai hukumar tarayya mai ba talakawa lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Dutse.

To, shi wakili fa, me ke wuyansa? Amana. Ba ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar, ko ya sayar wa ƙaramin ɗansa, sai da iznin mai abu. Ba ya karya farashi ƙasa da na kasuwa. Ba ya ba da bashi in ba a ce ya bayar ba. Ba ya ɗauko wani ya ɗora a madadinsa haka kawai. In ya sami rara, ta mai dukiya ce, ladansa kuwa abin da aka yi yarjejeniya ko abin da aka saba a kasuwar. Amma a yi masa adalci shi ma. In ka bar masa shinkafa ruwa ya zo ya shafe ta tare da ta kowa, ba ya biya, domin amintacce ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Na ga masu zuwa kotu suna neman ɗan'uwansu ya biya abin da ambaliya ta ci. Wannan zalunci ne.

Wakilin shari'a yana da nasa hukunci. Mace ko tsoho ko mara lafiya yana iya naɗa wanda zai tsaya masa gaban alƙali. Amma wakili ba ya amsa laifi ko bashi a madadinka sai ka ba shi wannan iko, kuma ba ya rantse maka. Rantsuwa ta mai ita ce, kamar salla. In kuma ya riga ya zauna da abokin shari'arka zama uku, malamai sun ce ba ka sauke shi sai da uzuri, domin kada a mayar da shari'a baya. Haka nan ranar zaɓe ba a aika wani da ƙuri'a.

Yanzu ga inda na fi so iyayena mata su saurara. Zama miji bai mayar da mutum wakilin matarsa a dukiyarta ba. Gonar da kika gada taki ce, akuyarki taki ce. Mijinki ko wanki ba ya sayar da su sai kin wakilta shi da bakinki, gaban shaidun da suka san muryarki da fuskarki. Haka nan babban wa a gida ba wakilin magada ba ne don ya girme su. In ba a raba gado ba, kowane magaji baligi sai ya ba da izni da kansa. Rabon maraya kuwa yana hannun wasiyyin da uba ya naɗa kafin ya rasu, ko wanda alƙali ya naɗa, shi ma ba ya sayar da gonar maraya sai da dalili mai ƙarfi. Waliyyi dabam, wasiyyi dabam, wakili dabam. Waliyyi shari'a ce ta ba shi matsayinsa, wasiyyi aikinsa bayan mutuwa yake farawa, wakili kuwa kai ka naɗa shi kana da rai da hankali.

Wannan ya kawo mu ga ƙarewar wakilci. Yana ƙarewa in aikin ya kammala, ko wa'adi ya cika, ko ka sauke wakili, ko hankalinka ya gushe, ko ɗayanku ya rasu. In ka sauke shi kada ka tsaya ga faɗa masa shi kaɗai. Karɓi takardarka, sanar da bulama da dillalai da duk wanda yake hulɗa da shi da sunanka, in ta banki ce ka rubuta wa banki. In ba haka ba, wanda ya yi ciniki da shi bai san an sauke shi ba yana da abin faɗa a kotu.

Mutuwa ita ce aka fi mantawa. Tsoho ya ba ɗansa katin cirar kuɗi da lambar sirri yana karɓo masa fansho. Ran da tsohon ya cika, iznin ya mutu tare da shi, abin da ke cikin asusun ya zama na magada duka, har da jaririn da ke goye. Ɗan da ya ci gaba da cira yana cin haƙƙin 'yan'uwansa, in kuma fanshon da aka biya bayan rasuwa ne, yana cin na hukuma. Sunan da ake rubutawa a fom ɗin banki na dangi mafi kusa shi ma bai mayar da mutum wakili ko magaji shi kaɗai ba, wanda za a nema ne in wani abu ya faru. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takarda daga kotu.

Malaminku ya roƙe ni in bar muku abin da za ku kwafa a littafi. Ku ɗauki fensir, zan faɗa a hankali.

“Ni wane ɗan wane, mazaunin gari kaza, na wakilta wane ɗan wane ya ba da hayar fadamata da ke wuri kaza, wadda ta yi iyaka da wane a gabas, wane a yamma, wane a kudu, wane a arewa, na rani ɗaya, a kan kuɗin da bai gaza naira kaza ba, ya karɓa ya ajiye mini. Ban ba shi ikon sayarwa ko jingina ko kyauta ba. Wannan izni zai ƙare ran kaza ga watan kaza. An karanta mini wannan takarda da Hausa, na gane, na yarda.”

A ƙasa sai sa hannunka, da na wakili, da na shaidu biyu, da sunan marubuci da inda yake zaune, da kwanan wata. Wannan ta isa ga haya da aro da karɓar bashi a tsakaninmu. In sayar da fili mai takardar gwamnati ne, ba ta isa ba, sai lauya ya tsara wadda za a buga wa hatimi a yi mata rajista.

Mako mai zuwa kowa ya zo da tasa, ya cike guraben da sunan gonarsa da maƙwabtansa na gaskiya, malam zai duba. Na ga wata baiwar Allah a baya tun ɗazu tana ɗaga hannu. Gwaggo, bismillah, muna jin ki.